Dattijon da Ya Hana a Ɗaura wa Littafi Mabuɗi

Labarin rasuwar Baba bai gama fita daga bakinmu ba, unguwarmu ta Narayi ta cika mana ƙofar gida. 'Yan zumuntar mata suka iso da ganga da tulu da kacau-kacau, suka zauna a gindin mangwaron da ya shuka, suka ɗauko waƙoƙin nan da ake ja a hankali har wanda bai zo da niyyar kuka ba ya yi. Dattawan majami'a suka jeru a kujerun roba ƙarƙashin rumfar haya. Kowa ya matso sai ya ce mana Baba ya huta, mu yi haƙuri, ya gama aikinsa. Wani dattijo da suka sha karawa da shi a taron ikilisiya ya ce an yi rashin ginshiƙi, har da share ido. Na kalle shi na ce a raina, oho, yau kuma ginshiƙi ne, jiya kai ne ka kira shi mai taurin kai a gaban jama'a.

Ni dai ba waƙar nake saurare ba, Amarya nake kallo. Matar ƙanena ce, marigayi, kuma tun ranar da aka kawo ta gidanmu muke ce mata Amarya, sunan ya bi ta har ta haihu har mijin ya mutu. Ita ke zagawa da tire tana raba ruwan leda. Sai na ga mata suna karɓa da hannun hagu suna ajiyewa ƙarƙashin kujera, ba wadda ta fasa. Wata ta ce tana azumi, alhali na ga ƙosai a bakinta tun daga bakin titi. Masu gaisuwa su bi layi, su gaishe ni, su gai da Gwaggo ƙanwar Baba, su gai da Baba Ƙarami wanda ke bin Gwaggo, in sun iso kan Amarya sai su tuna akwai abin da suka bari a waje.

Da hantsi sai ga Alhaji daga Makera, abokin Baba tun suna aiki a masaƙa a Kakuri. Tsoho ne yanzu, da ƙyar ya sauko daga keke. Bai san abin da ake ciki ba, ko kuwa ya sani ya yi kamar bai sani ba. Amarya ta miƙa masa ruwa, ya fasa ya shanye, ya sa mata albarka da ƙarfi yadda kowa zai ji. Da zai tafi ya kira ni gefe.

Ya ce, "'Yata, ubanki bai taɓa yarda da ni a kan addini ba, ni ma ban yarda da shi ba. Amma duk gardamar da muka yi, bai taɓa ƙara wa littafinku abin da babu a ciki don ya kayar da ni ba. In bai sani ba sai ya ce sai ya duba."

Duk cikin ta'aziyyar da aka yi mana, wannan ce kaɗai ta sa ni kuka na gaske. Kuma a cikin kukan na san ba uba kaɗai aka rasa ba. Baba ne ya tsaya tsakanin Amarya da dangi tun mutuwar ƙanena. Suna cewa mayya ce, ita ta cinye mijinta, a kore ta a riƙe 'yar da ta haifa. Shi kaɗai ya ce a'a. Yanzu yana ɗakin ajiye gawa, ita kuwa tana raba ruwan da ba mai sha.

Ina rubuta wannan ne don na ga yadda ake son a tuna da shi: hoto a riga, hoto a kalanda, dattijo mai haƙuri. Baba ba shi da haƙuri irin wannan. Mutum ne gajere, mai ƙaramar murya, mai yawan tambaya har ka gaji. Bai yi boko mai nisa ba. A ajin majami'a na ƙauyenmu ya koyi karatu, da Hausa, kuma har ya mutu da yatsa yake bin layi, leɓensa na motsi. Da safe kafin kowa ya sa ruwa a baki sai an zauna karatu. Mu yara muna gyangyaɗi, marigayiya Mama tana leƙen tukunya ta taga, shi kuwa ko a jikinsa.

Abin da ya fi tsana shi ne a tsinko aya ɗaya a riƙa yawo da ita. In ka kawo masa aya sai ya ce ka karanta ta sama, ka karanta ta ƙasa, sannan ku yi magana. Na tuna muna cikin bas za mu Kakuri, wani saurayi ya miƙe yana wa'azi, yana ta maimaita rabin aya yana cewa duk wanda ya yi imani bana zai hau mota. Baba ya ciro Littafinsa daga jaka ya miƙa masa, ya ce cikin ladabi, ɗana, daɗin abin ya kama ni, ci gaba mana zuwa ƙarshen sura. Saurayin ya karanta, muryarsa na raguwa, don abin da ya biyo baya zancen shan wahala ne. Bas ta kwashe da dariya. Ni kunya ta kama ni kamar in nutse, na ce Baba don Allah. Ya ce me na yi, karatu na roƙa.

Yana da wata magana da duk wanda ya zauna da shi ya haddace. Ya ce ya samo ta ne daga amsar da Yesu ya ba waɗanda suka zo masa da tambayar tarko a kan tashin matattu. Yadda yake faɗa da bakinsa shi ne: mutum ta hanya biyu yake ɓacewa, ko bai san abin da aka rubuta ba, ko kuwa ya sani amma yana ganin Allah ba zai iya ba sai an kama masa. Ya ce na biyun ya fi yawa a cikinmu masu zuwa sujada, kuma ya fi haɗari, don shi da Littafi a hammata yake ɓacewa.

Da aka rufe masaƙa, aka watsar da su ba shiri, sai ya koma noma a wani fili da ya samu wajen Kakau. Shekarun da hanyar nan ta lalace da masu ɗaukar mutane, manoma da yawa suka riƙa cusa ƙaramin Littafi a aljihun gaba, wai harsashi ba ya ratsa shi. Baba in zai tafi gona a gida yake barin nasa. Na yi masa magana, na ce ko don hankalinmu ya kwanta ya riƙa ɗauka. Ya ce, Uwata, haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, takarda ce da tawada, ruwan sama ma yana jiƙa ta. Ya ce abin da ke ciki yana kansa, Wanda ya faɗa kuma yana dajin tun kafin ya isa. In an ɗauke shi, Allah bai sauka daga kujerarsa ba. Na ce to mu da za mu nemo ka fa? Ya yi dariya ya ɗauki fartanyarsa.

Ba zan ce waliyyi ba ne, don mun yi faɗa ni da shi, faɗa na gaske, a kan ƙanena. Yaron nan ya gama makaranta ya rasa aiki, ya faɗa wa burkutu, daga nan ya wuce zuwa ogogoro da ƙwayoyi. Baba ya rasa yadda zai yi da shi sai karatu. In yaron ya shigo yana tangaɗi, sai a zaunar da shi a buɗe masa Littafi, a karanta masa abin da aka ce game da mashaya, sama da ƙasa kamar kullum. Wata rana da rana tsaka na zo na same su haka, ƙanena na zubar da miyau, Baba na bin layi da yatsa. Raina ya ɓaci. Na ce masa ya san Littafi ciki da bai amma bai san ɗansa ba, yaron nan uba yake nema, an ba shi mai wa'azi. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya rufe Littafin, ya shiga ɗaki, muka daɗe ba ma doguwar magana.

Bayan nan ne mutanen unguwa suka fara kawo mini gulma, wai ana ganin dattijon majami'a a gidan burkutu. Ashe shi ne ke zuwa da ƙafarsa, ya zauna a benci kusa da ɗansa cikin 'yan maye, ya jira shi ya gama, ya riƙo shi su dawo. Bai ƙara buɗe masa Littafi ba sai in yaron ya roƙa. Dattawa suka kira shi suka ce yana zubar da mutuncin ikilisiya. Ya ce su nuna masa inda aka hana uba ya je inda ɗansa yake. Ni kuwa bai taɓa ce mini na yi gaskiya ba. Buhun masara kawai na gani an sauke a ƙofar shagona na ɗinki a Sabon Tasha, aka ce in ji Baba.

Amma an makara. Hantar ƙanena ta riga ta tafi. Likita ya faɗa mana a fili, a gabana, a gaban Gwaggo, ya ce giya ce. Cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya, ya rasu ya bar Amarya da 'yar yarinya da ba ta daɗe da fara makaranta ba.

Dole in yi wa Gwaggo adalci a nan. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ita ta goyi ƙanena tun Mama na fama da ciwo. Ɗanta ne a duk hanyar da ta san ɗa. Ta ji abin da likita ya ce, amma zuciyarta ta ƙi ɗauka. Ta ce giya kowa na sha, ga Baba Ƙarami nan yana sha tun kafin a haife mu, me ya sa nata ne zai mutu? Dole akwai hannu. Amarya kuwa ba 'yar yarenmu ba ce, kuma ba ta da kowa: an kai wa ƙauyensu hari an watsa su, iyayenta sun mutu, sai wata innarta can wajen Suleja. Ga ta shiru-shiru, ba ta iya kukan ihu ba. Gwaggo ta ce dubi idonta, ko hawaye babu.

Akwai wani abu da mutanenmu ke yi, wanda bai tashi a cikinmu ba zai ɗauka wasa ne. In an yi sata a gida, ko ana zargin wani, sai a samo babban mabuɗi irin na tsohuwar ƙofa, a cusa shi tsakiyar Littafi Mai Tsarki, kansa a waje, a ɗaure Littafin tam da ƙyalle. Mutum biyu su tallabi kan mabuɗin da ƙarshen yatsunsu, Littafin na reto a ƙasa. A yi addu'a, sannan a riƙa kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Sunan da Littafin ya juya ya faɗi a kansa, shi ne mai laifi. Ba boka ba ne ke yi, mu ne, da waƙar sujada a baki. Shi ya sa ba ya jin kamar zunubi. Mutum ya ce ai Maganar Allah na tambaya.

Bayan an dawo daga bison ƙanena, da yamma rana ba ta faɗi ba, Baba ya fita raka baƙi tasha. Kafin ya dawo Gwaggo ta tara dangi a tsakar gida, ta ciro mabuɗi daga lalitarta, aka ɗaure Littafin wata mata. Baba Ƙarami da wani ɗan uwanmu suka tallaba. Aka kira sunana, shiru. Aka kira na Gwaggo, shiru. Aka bi maƙwabta. Sunan Amarya aka ajiye a ƙarshe, lokacin hannayen sun fara rawa. Ana kira Littafin ya juya ya faɗi ƙasa. Mata suka sa salati irin namu, suna kiran sunan Yesu, wasu suka ja da baya suna kare 'ya'yansu. Amarya na tsaye da tsintsiya a hannu, ko motsi ba ta yi ba.

A haka Baba ya shigo. Ya ga Littafi a ƙasa ɗaure da ƙyalle. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka rufe masaƙa. Na zaci zai yi faɗa, sai ya tambaya a hankali ko an kira kowa. Gwaggo ta ce an kira. Ya ce ba a kira shi ba, shi ma a gidan yake, shi ya fi kowa zama da yaron a ƙarshe, a ɗaga a kira shi. Baba Ƙarami ya ce haba Yaya. Baba ya ce a ɗaga. Suka ɗaga, hannayensu na karkarwa don gajiya da tsoronsa. Da bakinsa ya kira sunansa, cikakke, har da na mahaifinsa. Littafin ya juya ya faɗi.

Baba ya matsa kusa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya kwance ƙyallen, ya zare mabuɗin ya miƙa wa Gwaggo, ya goge ƙurar bangon da hannun rigarsa.

Ya ce, "To ga mayu biyu. In za a kora, a fara da ni, gidana ne. Kun rataye shi kamar kaza a kasuwa kuna jira ya yi muku rawa. Abin buɗewa ne, ku kuka ɗaure. Da kun buɗe da kun ga abin da aka ce a yi wa gwauruwa da marainiya. Kuma Allah da ya san wanda ya kashe da wanda bai kashe ba, yatsun ƙanena yake jira kafin ya yi magana?"

Ya juya wajen Gwaggo, ya ce mata giya ce ta kashe yaronsu, shi ya zauna kusa da shi yana sha, ya gani da idonsa, kuma in akwai wanda ya makara a kan yaron nan to shi ne. Gwaggo ta ɗauki mabuɗinta ta fita ba sallama.

Kada wani ya zaci gaskiya ta yi nasara ranar. Abin da aka kwashe aka kai waje shi ne Littafi ya juya a kan mutum biyu a gidanmu. Aka ce ashe shi ya sa yake kare ta, tare suke. Wasu suka ce a'a, ta riga ta shanye shi ne. A majami'a ba a cire shi daga dattawa ba, amma aka daina ba shi karatu ranar Lahadi, wai idonsa ya yi rauni. Fasto mutumin kirki ne, ya zo gida ya ce shi bai yarda da zancen mabuɗi ba ko kaɗan, sai dai abin iyali ne, a bi a hankali. Baba ya ce ya faɗi haka a kan bagade, gaban jama'a, mana. Fasto ya ce lokaci bai yi ba. Har yau lokacin bai yi ba.

Abin ya ci Baba, kada a ce bai ci shi ba. Na same shi wata rana zaune a gindin mangwaro, Littafi a rufe a cinyarsa. Ya ce, Uwata, shekara nawa ina karanta wa mutanen nan, ashe sauti kawai suke ji. Na ce to ya haƙura mana, ya bar Amarya ta tafi wajen innarta a huta. Ya ce in ta tafi don ta ga dama, zai raka ta tasha da kansa. In ta tafi don an kore ta, to an koya wa jikarsa cewa uwarta mayya ce, kuma da sunan Allah aka koya mata. Ya ce wannan ba zai sa hannu ba ko shi kaɗai ya rage.

Ya koya wa Amarya karatu, don ba ta yi nisa ba ita ma. Da safe su uku, shi da ita da yarinyar, yatsa a kan layi. Ya ce mata kada ta yarda da abin da aka ce an rubuta sai ta gani da idonta, ko shi ne ya faɗa. Ya sa ta fara sayar da masarar gonarsa a bakin titi. Mutanen unguwa ba su saya, sai baƙi masu wucewa.

Sai ciwon ya zo. Hawan jini ne, ya daɗe da shi, ba ya son shan magani a kan lokaci. Ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Ni ina da shago da 'ya'ya, ina zuwa ina komawa. Baba Ƙarami sai ranar Lahadi. Gwaggo takan zo ta tsaya daga bakin ƙofa ta yi addu'a da ƙarfi tana korar aljanu, idonta a kan Amarya. Amarya ce ta yi jinyar. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, abin da ko ni 'yarsa sai na kau da kai. Da harshensa ya ƙi, ita ke karanta masa, tana tuntuɓe a kan kalmomi, in ta tsaya a tsakiya ya buga katifa da hannunsa mai lafiya, wato ta ci gaba zuwa ƙasa. A hannunta ya cika, da safe, ina hanya.

Wannan ma ya zama shaida. Aka ce ta gama da ɗan, ta gama da uban, kuma a hannunta, me ake jira.

Mun kai shi ƙauye muka binne kusa da Mama. An yi wa'azi mai kyau, an ce mutum ne mai son Maganar Allah, jama'a suka ce amin. Da muka dawo Narayi, rumfa ba a ma kwance ba, Baba Ƙarami ya kira taron iyali, don yanzu shi ne babba. Gwaggo ta ciro mabuɗin. Ta ce wancan karon Littafin baƙuwa aka ɗauka shi ya sa ya rikice, yau na mai gidan za a ɗauko, shi ba zai yi ƙarya a kan wanda ya kashe mai shi ba.

Na tashi. Na ce ba za a taɓa shi ba. Na faɗi duk abin da na iya tunawa, na ce likita ya ce hawan jini, na ce wa ya wanke shi a cikinku, na ce in za a kira a fara da ni. Baba Ƙarami ya ce in zauna, ni 'ya mace ce, gidana na Sabon Tasha, nan gidan ubansu ne. Na yi ihu, na yi zagi, Allah ya gafarta mini har Gwaggo na zaga. Mata biyu suka riƙe ni. Ina kallo aka shiga ɗakinsa aka ɗauko Littafin, wanda gefen shafukansa ya yi baƙi da yatsansa, aka cusa masa ƙarfe aka ɗaure. Suna ɗaya kawai aka kira, na Amarya, Littafin ya juya ya faɗi.

Aka ce ta kwashe kayanta. Yarinya kuwa jininmu ce, Gwaggo za ta riƙe, don kada a ba ta maitar a cikin abinci. Na je wajen Fasto, ya ce zai zo a zauna in an huce. Na ce Amarya ta dawo gidana mu nemi hukuma, mijina ya yarda da ƙyar. Ita ce ta ƙi. Ta ce ina da yara, in ɗaya ya yi ko zazzaɓi ne, ni ma zan fara kallonta. Na rantse mata ba zan yi ba. Ta ci gaba da haɗa kayanta.

Ni na raka ta bakin hanyar Abuja da safe, inda motocin Suleja ke lodi. Jaka ɗaya ce da bokiti. Yarinyar tun jiya Gwaggo ta tafi da ita, ba a bari sun yi sallama ba. Na yi mata alkawari zan riƙa zuwa ina duba ta, kuma ba zan bar maganar ba sai an dawo mata da 'yarta, ko kotu ce. Tana ta gyaɗa kai. Ta shiga ta zauna a bakin taga. Har direba ya tayar da mota sai ta leƙo, ta yi ƙasa da murya don kada na kusa su ji.

Ta ce, "Anti, an ce wai mutum yana iya zama da abin bai sani ba. Su biyu duk a hannuna. In ni ce fa?"

Duk abin da aka yi mata ban ji tsoro ba sai a nan. Wannan ce matar da Baba ya zaunar yana koya mata kada ta yarda sai ta gani, ga shi bai yi nisa a ƙasa ba sun shigar mata da zargin har ciki.

Na ce, "Ba ke ba ce." Na sake faɗa da ƙarfi har kwandasta ya waiwayo. "Amarya, ba ke ba ce. Giya ce da hawan jini. Allah ya sani, ke ma kin sani."

Ta dube ni ta ce to, Anti. Ta faɗa ne don in ji daɗi. Na ga idonta ya wuce ni yana duba bayana, wajen da mutane ke tahowa daga cikin gari, kamar akwai wani gajeren tsoho da zai iso ya faɗa mata da bakinsa. Motar ta ja ta nufi Kakau.

Baba, kai ka huta, ban yi maka baƙin ciki ba. Ubangijin da ka dogara gare shi ya riƙe ka. Amma ka bar mu da aiki, kuma muryata ba ta kai taka ba. Gobe zan je gidan Gwaggo in ga yarinyar, ban san me aka riga aka faɗa mata game da uwarta ba.